Gwangwanin madara

Jiya na sayo madarar gari a babban kantin nan mai rassa cikin Maraɗi. Ina isa gida uwar yara ta juya gindin gwangwanin, ashe ta lalace tun wata biyu. Na koma a fusace. Yaron kantin ya duba, ya ce, "Yi haƙuri Alhaji," ya canza mini, ya kwashe sauran daga kan kanta a gabana.

Su ne fa suka raba shinkafa a unguwar Zariya da azumi, mai ɗaukar hoto na biye da su. Lokacin na ce talla ce kawai, kuma har yau ban canza magana ba. Amma jika biyar ɗina ba ta salwanta ba, gobe ma can zan sayo sukari.