Daga Kaduna Zuwa Kura, Ta'aziyyar Baffa

Bayan sallar isha'i aka kira ni aka ce Baffa ya cika, za a kai shi da hantsi. Na san ba zan samu jana'iza ba, amma duk da haka a tashar Kawo na ga fitowar rana, ina zaune a kujerar baya ina jiran mota ta cika. Baffa wan mahaifina ne. Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗin mahaifinmu ya kwashe mu, ni da ƙannena mata, ya haɗa mu da 'ya'yansa, kuma har na bar gidan ban taɓa jin ya kira mu da kalmar marayu ba.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, direba na tafe da fitila a kunne. Mun wuce Jaji, muka tsaya a Kwangila ta Zariya aka sauke wasu aka ɗauki wasu. Wani dattijo mai buhun citta da ya shigo ya tambaye ni inda na nufa, da na faɗa masa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya jiƙan musulmi," duk motar ta amsa da amin. Daga nan har Tashar Yari babu abin gani sai karan dawa da aka tsayar a gonaki da shanun da ke kalar abin da ya rage.

Sai an wuce Kwanar Ɗangora ƙasa take sake kama. Ga rani sosai, ƙura a ko'ina, amma dama da hagu kore ne shar: alkama, albasa, masarar rani, da tumatir iya ganinka. Wajen Kadawa da Kwanar Gafan kwanduna ne jere a bakin titi, manyan motoci na lodi za su yi Kudu, wasu har kasuwar Mile 12 ta Legas. Baƙo zai ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Ruwan nan kuwa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, aka jawo shi ta kanal ya ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura. Duk wanda ya girma a wannan yanki rayuwarsa ta rabu biyu, kafin ruwa da bayan ruwa, kuma ta Baffa ma haka take.

Kafin ruwa, Baffa marini ne ɗan marini. Yaran yanzu sun san Kura da shinkafa, amma sunanta ya fara fita ne da turkuɗi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke shi ɗaya bayan ɗaya har ya yi faɗi, sannan a kawo karofi. Marina su zuba ganyen baba da toka a rijiyar rini, a bar shi ya kwana ya kwana ana motsawa har ya nuna, a tsoma zane a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har baƙinsa ya kai inda ake so. Daga nan sai wajen masu bugu, a shimfiɗa shi a kan gungumen itace, a barbaɗa shuni, a yi ta dukansa da guduma har ya riƙa ƙyalli. Buzaye ne manyan masu saye. Fatake na kai shi har Agadas, kuma shunin da yake bari a fuskar mai naɗa shi, a wurinsu ado ne. Baffa ya sha gaya mana cewa yana yaro sautin bugu ne yake tashinsa kafin ladan. Na taso na ga faratansa da layukan tafinsa da sauran baƙi-baƙi, alhali ya daɗe da rage zuwa karofi.

Abubuwa da dama ne suka taru suka karya sana'ar. Farin 1973 ya kashe dabbobin Buzaye, na 1984 ya ƙara, wanda ya rasa raƙumi da akuya kuwa ba ta rawani mai tsada yake ba. Ga yadin kamfani mai araha, ga garin rini na kanti da ba ya buƙatar jiran baba ya nuna. Wasu abokan Baffa suka tafi ci-rani Ikko da Kurmi, wasu ba su ƙara dawowa ba. Shi ya ce ba zai bar tsohuwarsa da iyalinsa a hannun maƙwabta ba. Ya ɗauki fartanya ya nufi bakin kanal, ya koyi noman rani yana magidanci, a wurin mutanen da ya girme su. Yakan ce na duƙe tsohon ciniki ne, babu kunya a komawa gare shi.

Na sauka a bakin titi na hau babur zuwa cikin gari. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi an shimfiɗa har ƙofar maƙwabta. Na cire takalmi na durƙusa gaban dattawa.

"Sannu da hanya, ɗan Baffa. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Allah Ya gafarta Malam. Ya muka ji da haƙuri?"

"Sai godiya. Allah Ya sa ya huta, Ya haskaka kabarinsa."

Yaya, babban ɗansa, ya matsa mini gefensa. Bai ce komai ba sai da aka shafa fatiha, sannan ya raɗa mini cewa ko ranar da abin ya faru Baffa ya je gona da safe. Ya ba albasa ruwa, ya dawo ya yi azahar a masallacin unguwa, da la'asar ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Shekarunsa sun haura saba'in.

A cikin gida na tarar da Inna, matar Baffa, a ɗakinta, mata sun kewaye ta. Da ta gan ni sai ta ce, "Ka zo? Jiya-jiyan nan yake cewa a ajiye maka shinkafarka." Kowace kaka yakan ware wa kowane ɗa da ke nesa rabonsa, ko kana da albashi ko ba ka da shi, kuma idan ka ce ya bari sai ransa ya ɓaci. A wurinsa ɗan da ba ya cin abincin gida ya fara nisa da gida.

Zaman da na yi a wannan ɗaki ya dawo mini da tsarin gidan da na tashi a ciki. Baffa ba mai yawan magana ba ne, ba kuma mai wasa da yara ba ne sosai. Kulawarsa a awo take. Da asuba shi yake buɗe rumbu da kansa ya auna hatsin yini, kullum da ɗan ƙari saboda almajiri da baƙon da ba a sani ba. Ba ya cin tuwon dare sai ya tambaya ko kowa ya samu. Kuɗin makaranta kuwa tun ranar da ya sayar da amfanin gona yake cire su, ya ƙulle a wata tsohuwar jakar fata, ko gobara ake ba a taɓa su. Shi allo kawai ya yi, amma duk ƙarshen zango sai ya sa an karanta masa sakamakon kowa a zaure, mata da maza. Lokacin da wasu dangi suka matsa a aurar da ƙanwata tun ba ta gama sakandare ba, cewa ya yi amanar ɗan'uwansa ce, sai ta gama. Yau ita ce ungozoma a wani asibitin karkara.

Ba kullum noman yake daɗi ba. Tumatir ba ya jira, ranar da ya yi yawa a kasuwa kwando ba ya mayar da kuɗin ɗauko shi, sai dai a yanka a shanya a yi kauɗa. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye galibin gonakin tumatir na yankin. Baffa ya yi asarar duk abin da ya zuba a shekarar, ga bikin 'yarsa ya matso. Bai ɗaga bikin ba, bai kuma ci bashi ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya koma keke, ya riƙa sayen shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, kaɗan-kaɗan, Inna da 'yan mata su turara, ya kai inji a gyara, ya auna a kasuwa. Da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019 shinkafar gida ta yi daraja, wannan ƙaramar sana'a ita ta riƙe gidan. Babur ɗin dai bai sake saye ba, ya ce keken ya ishe shi.

Washegari da yamma Yaya ya ja ni muka zaga. Mun bi ta tsohuwar karofin da kakanmu ya yi aiki. Yawancin rijiyoyin sun cike da ƙasa da leda, amma a wata rumfa can gefe har yanzu akwai masu bugu, galibi shadda suke bugawa. Wani tsoho a cikinsu ya ajiye gudumarsa ya yi mana gaisuwa, ya ce tare suka koyi aiki da Baffa, kuma ko bayan ya koma gona bai taɓa wuce rumfar ba tare da ya tsaya ya karɓi guduma ya yi 'yan bugu ba. Daga nan muka wuce gona. Albasar na nan tsaye, kunyoyin a gyare, ya toshe bakin ruwa da laka yadda ya saba don kada ya malala gonar maƙwabci. A wurin nan ne kukan da na riƙe tun daga Kaduna ya ƙwace mini.

Ina ganin muna yi wa irin su Baffa rashin adalci wajen ba da labari. Idan mai kuɗi ko mai mulki ya rasu, rediyo da Facebook sai su cika da tarihinsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ciyar da gida biyu da guminsa, ya yi sana'a har uku don kada yaro ya kwana da yunwa, sai a ce "mutumin kirki ne" a wuce. Alhali likitoci da malaman da garuruwanmu ke alfahari da su, a bayan kusan kowannensu akwai wani dattijo mai keke da ya ƙi saya wa kansa sabuwar riga.

Ranar addu'ar uku liman ya maimaita sanarwar da aka yi a wurin jana'iza, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Babu wanda ya tashi. Sai bayan an watse wani matashi ya zo wurin Yaya da kuɗi a hannu, ya ce na irin albasa ne da Baffa ya ba shi bara, ya ce ya biya idan ya samu.

Da daddare muka zauna a zaure, 'ya'yansa da mu da ya riƙa. Akwai jikoki biyu marayu da ke hannunsa, akwai Inna, akwai albasar da ke buƙatar ruwa jibi. Yaya ya karɓi gona. Ƙanwata ta ce maganin Inna nata ne. Ni na ɗauki makarantar yaran, aka kira su aka gaya musu a gaban kowa, kuma na ce duk ƙarshen zango a aiko mini da sakamakonsu. Da safe Inna ta sa aka ɗaura mini buhun shinkafar a bayan babur, na fita bakin titi na tari motar Kaduna.