Kawu na kamun ƙafa, doka na ƙirga kwanaki

Semestan da ta wuce ne aka fara koya mana dokar gudanar da mulki, wadda mu dai a aji admin lo kawai muke ce mata, kuma gaskiya ranar da na yi rajistar kos ɗin ban ɗauke shi bakin komai ba, na zata irin kos ɗin nan ne da za ka haddace handawut ka zuba a jarabawa ka manta. Ni hankalina yana kan dokar manyan laifuka, sabida nan ne ake jin labarin kisa da fashi da lauya yana tada jijiyar wuya. Ashe wannan da na raina shi ne zai biyo ni har cikin gida.

Ranar farko lakcaran ya shigo ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce duk takardar da ta fito daga ofishin gwamnati tambaya uku za ku mata: wa ya ba ka ikon, ka tsaya inda ikon ya tsaya, kuma ka saurari mutumin kafin ka yanke masa? Sai ya ce abun da zai ba ku haushi shi ne kotu a nan ba ta tambayar ko shawarar da jami'in ya yanke mai kyau ce ko mara kyau, hanyar da aka bi take dubawa. Wani daga baya ya ce toh yallaɓai in an zalunce ka amma an bi ƙa'ida fa? Ya ce sai ka jira zaɓe. Aka yi dariya, ni ma na yi.

A lokacin kuwa gidan burodin Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, ya fi wata huɗu a garƙame. Ba wani katafaren waje ba ne, tanda ɗaya ce ta itace da injin kwaɓi ɗaya da yara kaman takwas, sai masu shayi da 'yan tebur da suke zuwa sari tun kafin asuba. Wata safiya ma'aikatan wata hukuma, ba sai na faɗi sunanta ba, suka zo da mota suka leƙa ko minti goma ba su yi ba, suka sa kwaɗo, suka shafa jan fenti a ƙofa, suka miƙa wa yaron da ke kan kuɗi takarda wai an soke izinin aiki sabida saɓa ƙa'idar tsafta. Wace ƙa'ida, ba a rubuta ba. Babu gargaɗi kafin nan, babu wanda ya ce Alhaji zo ka yi bayani. Kwaɓin daren yana ciki ya kumbura ya zubo daga gwangwanaye, kwana uku duk layin tsami yake, ga buhunan fulawa da ya karɓo bashi a jingine da bango, daga baya da aka buɗe ƙwari sun gama da su.

Me Kawu ya yi? Abun da kowa zai yi a garin nan. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba ya fara zagaye. Mai unguwa ya haɗa shi da dagaci, limamin masallacinsu ya ce yana da suruki a hukumar, kansila ya ce a ba shi sati ɗaya, shugaban ƙungiyar masu burodi ya ce ai maganar tana teburin oga. Yau oga ya yi tafiya, gobe oga yana mitin, jibi an ce fayil ɗin bai sauko ba. Na taɓa raka shi sau ɗaya, muka zauna a benci tun ƙarfe tara har aka kira azahar, masinja yana wuce mu da fulas ɗin shayi yana cewa ku ƙara haƙuri Alhaji. Na ce Kawu ko mu nemi lauya ne? Ya dube ni ya ce kai Barista (haka yake tsokanata tun ina aji ɗaya) ana shari'a da gwamnati ne? Wanda ke da wuƙa da nama a hannu lallaɓa shi ake. Na yi shiru, don ni ma a lokacin abun da na yarda da shi kenan.

Sai da muka shiga kes-kes ɗin, wato shari'o'in da kotuna suka yanke a baya, na fara jin kunya. Akwai na Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, wanda a watan Janairun 1980 zamanin Shagari jami'an shige da fice suka ɗauke shi suka tsallaka da shi Chadi wai shi ba ɗan Najeriya ba ne, ministan cikin gida ya sa hannu a takardar kora shikenan. Babbar kotu a Maiduguri ta ce mutumin nan ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa kuwa ba minista da ke da ikon korarsa, aka soke takardar har da diyya. Akwai na Garba da Jami'ar Maiduguri, wanda ɗalibai suka fi so sabida ya shafe su: an yi tarzoma a 1983, aka kafa kwamitin bincike aka kori ɗalibai, ashe wanda ya shugabanci kwamitin, mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Kotun ƙoli a 1986 ta ce ba zai yiwu kai aka yi wa laifi kai ne kuma alƙali ba, sannan zargin ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne ba na kwamiti ba. Ba ta ce yaran ba su yi ba fa, ta ce ba haka ake yi ba.

Wanda ya fi tsaya min shi ne tsohon kes ɗin Eshugbayi Eleko, sarkin Legas da Turawa suka tsige suka kai shi Oyo a 1925. Mutumin nan ya bi shari'a har Landan, a 1931 alƙali Atkin ya ce ko gwamnan mulkin mallaka ba zai taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa ba sai in zai iya tsayawa gaban kotu ya nuna dokar da ta ba shi dama. Kusan shekara casa'in bayan nan, Maris 2020, aka tsige Sarki Sanusi aka kai shi Awe a Nasarawa, cikin 'yan kwanaki babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a sake shi, a 2021 kuma ta yanke cewa tsare shi a can ya saɓa tsarin mulki. Ko kana ɓangaren wa a rigimar masarauta wannan ba ruwan kos ɗinmu, abun da na gani shi ne tambaya ɗaya ce tun zamanin Bature: ina dokar?

Kuma ba wai baƙon abu ba ne a wajenmu. Da aka zo kan ƙa'idar a ji ta bakin kowane ɓangare, wadda take sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu ta ce yallaɓai ai mun yi wannan a Islamiyya, lokacin da Annabi (SAW) zai tura Sayyidina Ali Yaman ya ce masa kar ya yanke hukunci sai ya ji na biyun kaman yadda ya ji na farkon. Lakcaran ya ce toh rubuta sunan ƙa'idar na Latin a jarabawa, ki riƙe wancan a zuciya. Haka ma abun da suke kira ultra vires, an ɓata awa biyu ana bayani, ni a gefen littafina na rubuta wuce gona da iri, kuma har yau ban ga fassarar da ta fi ta ba.

Toh da zafina na je na samu Kawu bayan isha'i, na ce Kawu wallahi kuna da gaskiya a doka, ba su ji ta bakinku ba, ba su faɗi dalili ba, akwai umarnin da kotu ke bayarwa ta jawo takardar nan gabanta ta soke ta, sashiyorari sunansa. Ya ce sashi me? Na maimaita. Ya ce wannan sai kace sunan allura. Amma dai ya yarda, ina jin bashin fulawa ne ya ishe shi ba bakina ba, muka je wajen wani lauya da wani sinian mu ya haɗa ni da shi.

Lauyan bai ma tsaya jin ƙarshen labarin ba. Ya ce Alhaji ina takardar? Kawu ya zaro ta, ta yi laushi ta fara yagewa ta wajen ninkin. Ya warware ya sa yatsa a saman kusurwar dama, wajen kwanan wata, ya ƙirga da yatsu, ya ce wata biyar da kwanaki. Sai ya aje ya cire gilashi ya ce Alhaji ina kuka shiga tun tuni?

Ashe mu ba mu kai wannan babin ba a aji. Akwai dokar kare jami'an gwamnati, tsohuwa ce tun ta zamanin Turawa, ta tarayya da kuma irinta a jihohi, wadda ta ce in za ka kai ƙarar jami'i ko hukuma kan abun da suka yi a bakin aiki toh cikin wata uku za ka shigar, in ya wuce ko gaskiyarka ta kai hasken rana kotu ba za ta buɗe fayil ɗin ba. Ita ma waccan hanyar ta neman a soke takarda yawanci wata uku ne a ƙa'idojin kotu. Ya ce akwai 'yan ƙofofi, in maganar kwangila ce ko ƙwato fili, ko an nuna jami'in da mugun nufi ya yi ba aikin ofis ba, ko a ce cutarwar tana ci gaba tunda har yanzu kwaɗon yana ƙofa, za a iya gwadawa ta nan, amma lauyan gwamnati abu na farko da zai tada kenan kuma za a iya cin shekara biyu ana jayayya kan ko kotu na da hurumi kafin a zo maganar burodi. Kuma duk wasiƙar roƙo da zaman benci da ku dawo gobe ba sa tsayar da agogon. Wannan kalmar ce ta dake ni. Wato duk ranar da masinja ya ce ku ƙara haƙuri Alhaji, kwana ɗaya ne ya fita daga cikin casa'in.

Ni a ganina nan ne dokar nan ta fi cutar irinmu. Tarbiyyarmu ita ce ba ka fara da ƙara, sai ka bi ta manya, ka kai gaisuwa, ka jira, wanda ya ruga kotu a satin farko ma cewa za a yi ba shi da kunya. Doka kuwa wanda ya ruga ɗin take so. Ban ce ma'aikatan nan da gangan suke ja maka rai har wata uku ya cika ba, wasu ma na tabbata ba su san da dokar ba, amma ko da gangan ko ba da gangan ba sakamakon ɗaya ne. Na fahimci dalilin da ake bayarwa, wai kar a bar jami'i da fargabar ƙara shekara da shekaru, toh amma wata uku ga mutumin da ko karanta takardar sai an karanta masa?

Kuma ko ka ci shari'ar da sauran rina a kaba. In kuɗi kotu ta ce a biya ka, kuma kuɗin yana hannun jami'in gwamnati, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce sai ka samu amincewar antoni janar kafin a taɓa shi, wato ka je wajen lauyan wanda ka kayar ka ce don Allah a ba ni izini. Zamanin soja ma abun ya fi haka, a 1970 kotun ƙoli ta ba wani mai suna Lakanmi gaskiya kan ƙwace masa dukiya, cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fito da dikiri, wato dokar soja, mai lamba 28 ta shafe hukuncin. Don haka ban fito daga kos ɗin nan ina ganin kotu aljanna ce ba.

Lauyan dai, Allah ya saka masa, bai karɓi ko sisi ba, ya ce mu gwada hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a, wadda aka kafa a 1975, marigayi Maitama Sule ma ya taɓa riƙe ta, kyauta ce kuma ita wata goma sha biyu take bayarwa. Ya kuma ce na rubuta wa hukumar da ta rufe wajen wasiƙa ina neman kwafin rahoton binciken da suka dogara da shi, na aje kwafi ɗaya da hatimin an karɓa. Na rubuta, na kai, sakatariyar ta juya takardar gaba da baya ta ce wa ya rubuta maka wannan? Na ce ni. Ta buga hatimi tana harara ta.

Ba zan muku ƙarya na ce wasiƙata ce ta buɗe gidan burodin ba. Bayan kaman sati uku aka kira Kawu a waya aka ce ya zo ya biya tara ya gyara magudanar ruwa ya sa raga a taga, aka zo aka cire kwaɗo, babu takardar janyewa babu ban haƙuri, rahoton da na nema kuwa har yau shiru. Kawu ya ce surukin liman ne ya yi magana. Ni na ce hatimin nan ne ya tsorata su. Mahaifiyarmu ta ce addu'a ce ku duka ku yi shiru. Yara uku cikin takwas sun riga sun kama wani aikin, masu shayi rabi sun koma wani gidan, bashin fulawa kuma har yanzu ana biya kaɗan-kaɗan.

Shekaranjiya ina laburare ina fama da babin dokokin da majalisa ke wakilta wa ministoci su yi, sai ga saƙo a WhatsApp daga Kawu, hoton wata takarda ce daga masu haraji, ya ɗauka a karkace rabin yatsansa ya rufe hatimin. Sai ga muryarsa ta biyo baya, injin kwaɓi na ƙara a bayansa: Barista, yanzun nan aka kawo ta ko ninkewa ban yi ba, duba min, ita wannan kwana nawa gare ta?