Tsirya a keji, doka a bakin iyaka

Makon jiya ɗan yayata ya same ni a gida nan Daura da wata shawara: yana so ya fara sayen tsirya da aku a hannun masu kamawa, ya riƙa kai wa wani abokinsa a Damagaram ta hanyar Kongolam, domin ya ji ana samun riba. Ya ce mini, "Kawu, ai tsuntsu ne kawai, ba shinkafar waje ba ce balle kwastan su tare ni." Na tambaye shi wane irin tsuntsu yake nufi, sai ya ce duk aku ne. A nan kuskuren yake, domin dokar wannan fatauci ba da sunan da muke kira a kasuwa take aiki ba, da jinsin tsuntsun take aiki, da kuma ƙasar da za a kai shi.

Yarjejeniyar da ke kula da fataucin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ake kira CITES, an rattaba mata hannu a birnin Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Kusan duk dangin aku suna cikin jerinta, wato ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Kaɗan ne aka cire, daga ciki akwai tsiryarmu koriya mai jan baki da dogon wutsiya, wadda namijinta ke da zobe a wuya, da kuma ƙaramar tsiryar nan ta Ostireliya da yara ke kiwo a kejin waya suna zuba mata gero. Shi kuwa aku mai launin toka da jan wutsiya, wanda kowa ke so saboda yana kwaikwayon magana, tun taron Johannesburg na 2016 aka mayar da shi jeri na ɗaya, ma'ana an haramta fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Kongolam kuwa, duk da cewa mutanenmu na shiga da safe su dawo da yamma, a idon doka iyakar ƙasa ce kamar filin jirgin sama na Legas.

Kada kuma a ɗauka cewa rashin sunan tsirya a jerin CITES ya wanke ta a ko'ina, domin kowace ƙasa tana da tata dokar ta cikin gida. Mu a nan akwai dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta tara, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da izinin fitarwa. Shi ya sa na ce masa ya fara zuwa ofishin gandun daji kafin ya fitar da ko kwabo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wannan tsiryar tamu koriya take haram a ƙasashe biyu bisa dalilan da suka saɓa wa juna. A Indiya, ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1972, laifi ne mutum ya kama ta ko ya tsare ta a keji, saboda 'yar ƙasa ce kuma ana tsoron masu tarko su ƙarar da ita; amma ƙaramar ta Ostireliya ana sayar da ita a fili. A Sifen kuwa an hana mallakarta da sayar da ita ne saboda baƙuwa ce: waɗanda suka kuɓuce daga keji sun hayayyafa a birane, suna ƙwace ramukan bishiyoyi daga tsuntsayen ƙasar. A Ingila ana iya kiwonta, sai dai sakinta laifi ne, ko da yake garken da ke shawagi a lambunan Landan ya nuna cewa an riga an makara. A Amurka ma magana ta jiha ce, domin wata tsirya 'yar asalin Kudancin Amurka, mai gina katafariyar sheƙa da ƙirare a kan turakun lantarki, haramun ce a Kalifoniya alhali halal ce a jihohi da dama.

Akwai kuma batun cuta, wanda ni a ganina ya fi shafarmu. Murar tsuntsaye ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007. Duk mai kiwon kaji a Katsina kuma bai manta da 2006 ba, lokacin da nau'in cutar mai suna H5N1 ya ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Tsuntsun da aka cusa a kwali da 'yan'uwansa ashirin, ba ruwa ba iska, likitan dabbobi bai gan shi ba, shi ne za a kawo a rataye a tsakar gida inda kaji ke kiwo.

Ban hana yaron kiwo ba. Na ce masa idan da gaske yake, ya nemi ƙananan na Ostireliya guda huɗu a wurin mai ƙyanƙyasarsu a gida, ya bar na daji a dajinsu, ya kuma cire Damagaram daga lissafi har sai ya riƙe takarda a hannu. Jiya na ga ya sayo waya da katako, yana auna bangon zaure.