Tur a bayan piyon, ba a gabansa ba

A ƙaramin kulob ɗin eshek (wasan da ake kira chess da Turanci) da nake kula da shi a lise ɗinmu nan Maraɗi, yara sun iya buɗe wasa fiye da yadda suka iya gama shi. Suna kallon bidiyo a salula, suna haddace tarkon da ake kama sarauniya a motsi goma, amma da zarar allo ya yi fili, ya rage sarki da tur (mai tafiya miƙe a layi ko jeri) da piyon (ƙananan sojoji) ƙalilan, sai hannu ya riga tunani. Ni malamin lissafi ne, ba gwanin eshek ba. Abin da na sani game da ƙarshen wasa na same shi ne daga zama a kan wasannin yaran nan, da kaye da bik, bayan kowa ya tafi gida.

Wasan da ya fi koya mini abu tsakanin ɗalibai biyu aka yi shi, wata Laraba da yamma. Mai fari yana da sarki a g2 (harafi sunan layi ne, lamba kuma jeri), tur a d1, piyon a f2, g3, h4, da wani guda shi kaɗai a a4 wanda babu piyon ɗin baƙi a gabansa. Mai baƙi yana da sarki a g7, tur a c2, piyon a f7, g6, h5. Fari ya fi da piyon ɗaya, kuma shi ke da motsi. Sai ya kai tur d7, don ya ga f7 yana son ya matsa masa. Baƙi bai ko daɗe ba ya sa nasa tur a a2, bayan piyon ɗin. Sai fari ya kare daga gaba, a a7. Daga nan ya yi ta turawa: a5, a6, ya ja tur zuwa a8, ya sa piyon a a7, yana murmushi don saura gida ɗaya piyon ɗin ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya.

A nan wasan ya mutu. Tur ɗin fari ya maƙale a a8 kamar mai gadin da aka kulle cikin kantin da yake gadi: in ya fita, piyon ya tafi. Sarkin fari ya taso ya ratsa allo har b6 don ya kama masa, sai baƙi ya ba shi eshek, wato ya kai wa sarkin hari, daga b2. Ya koma c6, eshek daga c2. Babu inda zai ɓuya, domin gidan a7 da zai laɓe a ciki piyon ɗinsa ya cike shi. Da sarkin ya gaji ya sauko yana neman tur ɗin, sai tur ya koma layin a ya zauna. Kunnen doki.

Yaron ya zo da salula a hannu. “Mushe, Stockfish fa ya ce ni ke gaba.” Na ce ya ajiye ta tukuna. Injin Stockfish, manhajar da ke nazarin wasan eshek, yana ƙidaya maka riba, amma lambar da yake nunawa ba ta gaya wa yaro dalili ba, kuma tun daga ranar na kafa doka: sai an maido da wasa a kan allo, kowa ya faɗi abin da yake nufi da motsinsa, sannan a buɗe Lichess, shafin eshek na intanet.

Muka koma inda tur yake d1. Na ce ya gwada a1. Ya yatsina fuska, wai tur ya koma lungu ba ya cin komai. To amma duk gidan da piyon ya ci gaba, filin tur ɗin da ke bayansa ƙaruwa yake, na wanda ya tare shi daga gaba kuma raguwa yake. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Siegbert Tarrasch, likitan nan ɗan Jamus: tur bayan piyon mai wucewa (wanda babu piyon da zai tare shi), naka ne ko na abokin karawa. Na nuna musu wasa na 34 na gasar duniya ta 1927 a Buenos Aires, wanda Alekhine ya karɓi kambu da shi daga hannun Capablanca. Kusan tsarin ɗaya ne: piyon uku uku a gefen sarki, da ƙarin guda a layin a. Tur ɗin Alekhine yana a4 bayan piyon a a5, na Capablanca yana a6 yana tare hanya. Alekhine yana da motsin jira yadda yake so, sama da ƙasa a layin a. Capablanca kuwa in ya ɗaga tur piyon ya wuce, sai sarkinsa ya yi ta ja da baya har na fari ya kutsa cikin piyon ɗin gefen sarki. Sai da aka kai motsi 82.

Ko bayan tur ya riga ya shiga gaba, akwai sauran dabara: a bar piyon a a6, sarki ya taso ya nufi a7. Wannan ba ya tabbatar da nasara, don baƙi zai ci wani abu a gefen sarki kafin ka iso, amma aƙalla sai ya yi gumi kafin ya tsira. Tura shi a7 sauri ne ya haifi nawa.

Yanzu kafin in koya musu gadar Lucena ko tsaron Philidor a jeri na shida, sanannun dabarun ƙarshen wasa da tur, wannan nake fara ɗora musu. Ina kwashe piyon ɗin gefen sarki duka, in bar tur a a8, piyon a a7, tur ɗin baƙi a a1, in ce mai baƙi ya tsira. A gefen sarki, gidaje biyu kaɗai sarkinsa ke da su, g7 da h7. In ya hau g6, eshek daga g8, piyon ya zama sarauniya. Yawancinsu f7 suke zuwa, don su kusanci piyon ɗin. Sai fari ya kai tur h8, baƙi ya cinye a7 da murna, eshek daga h7, sarki ya kauce, tur ɗin da ke bayansa ya tafi.