Godiya Bayan Abin da Ya Sami Hajiyarmu a Hanyar Nuremberg

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. An sallamo Hajiya, mahaifiyarmu, daga asibiti, tana gidan Yaya a Nuremberg ta ƙasar Jamus. Tana cin abinci, tana sallarta a zaune, tarin ma ya lafa. Jiya aka miƙa mata jikan da ta taso tun daga Kano dominsa, ta tofa masa addu'a. Saƙonni sun fi ƙarfina, jikina kuma duk a mace yake, shi ya sa na haɗa godiyar wuri ɗaya. Wanda ya kira ban ɗauka ba, don Allah ya yi mini afuwa.

Kun riga kun ji yadda aka yi, ba sai na maimaita ba. Abin da har yanzu yake hana ni barci shi ne ƙofar jirgin nan a tashar Frankfurt. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa a Jamus cikin Disamba ya san irin turmutsutsun da ake yi. Tun ƙarshen Nuwamba kowane gari ya kafa kasuwar Kirsimeti, ta Nuremberg kuwa tana cikin waɗanda suka fi suna, ga shi ranar Asabar ce. Na taimaka wa Hajiya ta hau, na juyo ɗaukar akwati na biyu, jama'a suka raba mu, ƙofa ta rufe. Na yi ta danna maɓalli, shiru. Tana tsaye ta cikin gilashi tana yafito ni da hannu wai in yi sauri. Wayarta, fasfonta da maganin sukarinta duk suna cikin jakar da ke kafaɗata. Hajiya ba ta jin Jamusanci, ba ta jin Turanci. Ƙarfe 4 da rabi bai yi ba magariba ta riga ta kawo jiki, sanyi kuma har cikin ƙashi. Ina tsaye jirgi ya ja da uwata, bakina ya kasa komai sai innalillahi.

A cikin wannan jirgi Allah ya ajiye mana wata tsohuwa Bajamushiya. Ita ta kama hannun Hajiya ta zaunar da ita a kujerarta. Da ta ga gumi yana keto mata a wannan sanyi, hannu yana rawa, sai ta gane sukari ne ya faɗi. Ta miƙa mata kwalbar lemo, Hajiya ta kau da kai, don tun a Cologne na gaya mata jan abin nan mai tururi da ake sha a kasuwannin giya ce. Matar ba ta yi fushi ba. Ta nuna mata hoton tuffa a jikin kwalbar, ta nuna mata murfin ba a taɓa buɗe shi ba, sannan Hajiya ta yi bismillah ta sha. Tikitin matar nan na Nuremberg ne, amma ta sauka da ita a Würzburg, wata tasha kafin a kai Nuremberg, ta cire safar hannunta ta sa mata, ta zauna a gefenta har na iso a jirgin baya. Na tambayi sunanta ta girgiza kai, ta rungume Hajiya ta fita neman wani jirgin. Ya Allah, Ka san ta. Ka shiryar da ita, Ka ba ta mai kama hannunta ranar da ta rasa ƙarfi, kada Ka bar ta ita kaɗai a tsufanta.

Na san ba a son ambaton mai alheri, amma yau ku bar ni. Mutanen Bahnhofsmission na Würzburg, wato masu taimakon matafiya a tashar jirgin ƙasa, masu shuɗiyar riga, su suka ba ta ɗaki mai ɗumi da shayi da bargo, su suka kira 112, lambar agajin gaggawa. Coci-coci ne ke tafiyar da wannan aiki tun 1894, kuma ba su tambaye ta addini ko takarda ba, ba su karɓi ko sisi ba. 'Yan uwa da ke hawa jirgi da tsofaffi a ƙasar nan, ku riƙe wannan suna.

Sai bawan Allah ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi, wanda aka kira don an rasa wane yare take yi. Hajiya ta ce da ta ji an ce "Mma, sannu, me ya same ki?" sai ta ji kamar an buɗe mata ƙofar ɗakinta na Kano. Lamba ɗaya ce ta haddace, ta Gwaggo. Da wayarsa ya kira Najeriya, Gwaggo ta kira ni tana kuka. Ya ƙi karɓar kuɗin kati, ya bar aikinsa a lokacin da fasinja suka fi yawa. Allah ya buɗa maka, ya raya maka zuri'a, ya kai ka ɗakinsa.

Yaya da matarsa mai ɗanyen jego, Anti ta Hamburg da ta yi dogon zango da kular tuwo da miyar kuka don Hajiya ta ƙi abincin asibiti, likitoci da nas-nas, ɗalibai 'yan uwana da suka yi karo-karo, makwabtanmu na gida da suka sauke Alƙur'ani: Allah ya saka muku da Aljanna Firdausi, ya jiƙan iyayenku, ya kare ku daga irin wannan dare.

Akwai kuma waɗanda nisanmu da su bai wuce jirgi ɗaya ba, waɗanda a ɗakin Hajiya suka tashi. Mun ga hotunansu a kasuwa ƙarƙashin fitilu a makon nan. Hajiya ta tambaye ni ko sun kira, na ce wataƙila aiki ne ya riƙe su. Har yanzu tana tambaya.

Likita ya ce kada ta hau jirgin sama sai ƙirjin ya washe, saboda haka komawa gida sai bayan sabuwar shekara in Allah ya yarda. Mai son gaishe ta ya kira wayar Yaya bayan azahar. Da sanyin nan agogonmu ɗaya ne da na Najeriya.