Mako na uku da dinamon 404: yau fitilar caji ta mutu

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Tun da na kwance dinamo, wato abin da ke cajin batir, ƙirar kamfanin Ducellier na tsohuwar Peugeot 404 da ke garajin maigidana a unguwar Zariya ta Maradi, sai yau da hantsi na ga jar fitilar caji ta mutu bayan na taka totur, alamar caji ya kama. Ga yadda aka yi.

Makon farko wanki kawai na yi. Ƙurar hunturun Maradi ta haɗu da tsohon man giris ta zama kamar kwalta a ciki. Na wanke da fetur, na sa sababbin sharbon guda 2, wato 'yan guntayen gawayin da ke kwaso wuta daga ɓangaren da ke juyawa, na mayar, na ɗaura. Shiru, ba caji.

Maigida ya karɓa, ya shafa babban yatsa a kan kolekta, wato zoben jan ƙarfen nan mai yanka-yanka da sharbon ke gogawa. Ya ce, "Yaro, taɓa nan." Na taɓa, na ji siraran layukan da ke raba yankunan sun ɗan fi jan ƙarfen tudu. Mika ake kiran abin da ke cikin layukan, wuta ba ta ratsa ta, kuma ta fi jan ƙarfe tauri. Shekaru sun cinye jan ƙarfen sun bar ta, sai sharbon ya riƙa tsalle a kanta. Na wasa guntun zarton ƙarfe daidai faɗin layin, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwaƙulewa, zurfin bai kai milimita 1 ba. Yini guda ya ci mini, kuma aikin ya fi duk na baya daɗi a hannu.

Ku kiyaye, kada ku yi wa demarer haka, wato abin tayar da inji wanda 'yan Katsina ke ce wa kik. A ido kamar uwa ɗaya ta haife su, amma aikinsu ya bambanta. Demarer yana jan fiye da amper 100 cikin 'yan daƙiƙu, wayarsa kauri gare ta, sharbonsa akwai jan ƙarfe a ciki, yana cin mika da kansa. In ka haƙa ramin, garin ƙarfe ya taru a ciki ya haɗa wuta. Dinamo kuwa wayarsa siririya ce, abin da yake bayarwa bai wuce amper 20 da wani abu ba, amma yana juyawa muddin injin na aiki.

Saura ɗaya. Dinamo da ɗan ragowar maganaɗisun da ke jikin ƙarfensa yake fara haifar da wuta, kuma wanda ya daɗe a ajiye yakan rasa shi. Muka cire bel, muka haɗa wuraren ɗaura wayarsa biyu, na DYN da na EXC, zuwa filas na batir mai volt 12, jikinsa kuma zuwa mainas. Ya fara juyawa a hankali kamar injin lantarki, ba gargada. Wannan ya nuna lafiyarsa, ya kuma mayar masa da maganaɗisun.

In injin na silo fitilar takan ɗan yi ja, kuma halin dinamo ne, sai ya samu gudu yake caji. Abin da ya sa altanato, abin cajin motocin zamani, ya ture shi daga shekarun 1960 ke nan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan buɗe demarer ɗin. Bendis ɗinsa, wato ƙaramar giyar da ke bakinsa, yana juyawa ba ya kama haƙoran injin, ina zargin datti ne ya riƙe shi a kan sandarsa.