Wasiƙa daga jihar Indiyana ta Amurka: amsar masu tambayata guggurun takarda

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gaida Inna da Baba, da Gwaggo ta Kwarbai, da Yaya da iyalinsa a Tudun Wada, da abokan karatuna na Samaru. Ina nan lafiya, karatu yana tafiya, alhamdu lillahi. Sauran gaisuwar ma yi ta a waya.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne gugguru. Kun tuna ranar da muke kiran bidiyo, autar gidanmu ta ga na ɗauko wata takarda a shafe kamar ambulan, na saka a na'urar ɗumama abinci, wadda ake kira maikurowef, kafin mu gama gaisawa takardar ta kumbura ta cika fam da gugguru. Ta ɗauki hoton ta tura zauren WhatsApp na dangi, daga nan ya fita waje. Tun daga ranar ban huta ba. Wannan ya ce yaya ake yi, wancan ya ce halal ne kuwa, wasu kuma kai tsaye suka ce in taho musu da katan guda, har da mai cewa in haɗo da na'urar. Shi ya sa na ce bari in amsa gaba ɗaya. In wuri ya rage zan taɓa maganar takardun biza da inda muke samun naman halal, tunda su ma an tambaye ni.

Da farko, Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, babu siddabaru a ciki. Na yage takardar tun ba a dafa ba don in gani da idona. Masarar gugguru ce zalla, irin ƙananan ƙwayoyin nan masu sheƙi, an cuɗe ta da daskararren mai da gishiri da ɗanɗanon man shanu. Da na karanta bayan kwalin sai na ga man ma na kwakwar manja ne, an dai tace shi har jan ya fita. A ƙasan takardar akwai wani baƙi-baƙin faci mai siririn ƙarfe a ciki, shi ne yake ɗaukar zafi ya zama kamar gindin kasko. Don haka ne suke rubuta wane gefe zai kalli sama. In ka kifa ta, rabin masarar ba za ta fashe ba.

Aikin gaske a cikin ƙwayar yake, kuma nan ne abin yake burge ni har yau, duk da noma nake karanta. Masarar gugguru tana da ɓawo mai tauri wanda tururi ba ya iya ratsawa, sannan a cikinta akwai ɗan ruwa, kimanin kashi 14 cikin 100. In zafi ya kama ta sai ruwan nan ya nemi hanyar fita ya rasa, garin da ke ciki ya yi laushi kamar tuwo, matsi ya yi ta ƙaruwa. Idan ta kai wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, matsin da ke cikin 'yar ƙwayar nan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau huɗu. Sai ɓawon ya tsage, cikin ya juyo waje, ya bushe nan take ya zama farin nan da muke ci. Masarar tuwo ba ta yin haka saboda ɓawonta yana barin tururi ya sulale. Ke nan abin da na'urar take yi a nan, shi ne dai tukunyar Inna take yi a kan murhu in ta zuba ɗan man gyaɗa ta rufe da faifai.

Ita kanta na'urar, wani injiniya ne mai suna Percy Spencer a kamfanin Raytheon ya gano dabararta a 1945, yana aiki da kayan rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, sai ya ga cakulan ɗin aljihunsa ya narke. Gugguru na cikin abubuwan farko da ya gwada da gangan. Amma wannan na takarda sai a farkon shekarun 1980 ya shigo kasuwa.

Yanzu ga abin da nake so ku ji da kyau, don ni na ji a jikina.

Tsakanin gugguru mai daɗi da ƙonannen gugguru a na'urar nan, daƙiƙa goma sha wani abu ce kawai. Ba a sa shi a tafi alwala. Da kunne ake dafa shi. Za ka ji shiru tukuna, sai tas guda, sai tas-tas, sai ya ɓarke kamar ruwan farkon damina a kan kwano, daga nan ya fara ja baya. Da zarar tsakanin fashewa da fashewa ya kai daƙiƙa 2 zuwa 3, a kashe. Akwai maɓalli a jikin na'urar da aka rubuta wa sunan gugguru, amma kamfanonin da kansu sukan rubuta a jikin takardar cewa kada a dogara da shi, saboda ƙarfin na'urori ya bambanta, wata wat 700 ce, wata ta haura 1,000.

Ni ban san haka ba a hunturuna na farko. Watan Janairu ne, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, na dawo daga ɗakin karatu da yunwa. Na saka takardar na danna minti 4, sai Yaya ya kira ni a kan maganar gonar Baba, na shige ɗaki ina amsawa. Ban ankara ba sai ƙara. A nan kowane gida akwai na'urar gano hayaƙi a manne a silin, kuma a benen da nake, ina buɗe ƙofa don hayaƙin ya fita sai ya kai ga ta baranda, ita kuwa a haɗe take da ta ginin gaba ɗaya. Ƙarar ba irin wadda kuka sani ba ce, har cikin haƙori ake jin ta, ga wata fitila tana walƙiya. Doka ce kowa ya fita, babu tsayawa tambaya. Muka sauko mu wajen arba'in muka tsaya cikin dusar ƙanƙara.

Ina so ku fahimci sanyin nan, don in na ce sanyi kuna tuna hunturun Zariya ne, lokacin da ƙura take rufe Dutsen Kufena, leɓe ya tsage, a kwana da gawayi a ɗaki. Wannan wani abu ne daban. A daren nan ma'auni ya yi ƙasa da sifili da digiri goma sha wani abu. Gashin hanci daskarewa yake yi da numfashin farko. Na fito da silifa da jallabiya, cikin minti biyar na daina jin yatsun ƙafata, kunnuwana kamar ana yanka su da reza. Abin da ya fi tsaya min a rai wata maƙwabciyata ce da ta fito da jaririnta a naɗe cikin bargo, yana ta tsala kuka, tana juya masa baya ga iska. Saboda guggurun da na ƙona. Motar 'yan kwana-kwana ta zo da jiniya, suka hau da kayan aikinsu, suka sauko da baƙar takardar a hannu. Ba wanda ya zage ni, wani dattijo ma dafa kafaɗata ya yi ya ce ba ni ne na farko ba. Amma wallahi da zagina aka yi da ya fi min sauƙi. Washegari na bi ƙofa-ƙofa ina ba da haƙuri, na sayi 'ya'yan itace na kai wa mai jaririn. Ƙaurin kuwa ya kama labule da rigunana har sama da mako, ga tagar ba ta buɗuwa saboda sanyi. Sai da na yi ta tafasa ruwa da lemon tsami a cikin na'urar, na ƙone rabin turaren wutar da Inna ta ba ni, shi ma a tsorace, ina kallon silin.

To masu cewa in taho musu da na'ura, ku yi haƙuri. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta gida 230. In kun jona ta can a Gyallesu ba tare da taransfoma ba, ƙonewa za ta yi a take. Wanda yake so ya nemi irin tamu a Sabon Gari ko PZ. Sannan ya sani tana da jan wuta, mai wat 1,000 takan ja kusan 1,500 daga bango, ƙaramin janaretan nan na kallon talabijin ba zai ɗauke ta ba. In kuma wutar ta zo da rauni, masarar gasuwa za ta yi ba fashewa ba.

Wanda yake da na'urar a gida kuma, bai buƙatar takardar Amurka ko kaɗan. Ni kaina na daina saye. Ina sayen tsabar masarar, ta fi araha nesa ba kusa ba. In zuba kamar cokalin miya huɗu a kwanon gilas mai jure zafi, in ɗiga mai kaɗan, in rufe da farantin tangaran ba ruf ba, don tururi ya samu kafa, in tsaya a kai ina saurare. Kada a kuskura a saka kwanon samira ko na silba, ko faranti mai zanen ruwan zinare a baki, tartsatsi zai yi. Sukari kuma a bari sai an sauke, don a cikin na'ura yana riga masarar ƙonewa. Kwanon yana ɗaukar zafi sosai, a kama shi da tsumma.

Akwai dalilin da ya sa na bar ta takarda ban da kuɗi. Wajen shekarar 2000 an gano ciwon huhu mai tsanani a jikin ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Misuri, aka danganta shi da shaƙar sinadarin diacetyl da ake sa wa don ƙamshin man shanu. Manyan kamfanoni sun cire shi tun wajen 2007. Ita ma takardar, an daɗe ana shafa mata sinadaran hana mai ratsawa da ake kira PFAS, sai a 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa an daina sayar da su don kunshin abinci a ƙasar. Ban ce guba ba ce, amma wanda ya saya ya buɗe ta nesa da fuskarsa, ko don tururin da ke ƙona ido. Yaya, don Allah a kula da ƙananan yaran nan. Likitocin yara a nan suna hana ba wa ɗan ƙasa da shekara 4 gugguru saboda shaƙewa, mu kuwa mukan miƙa wa na goye ma.

Wani abu da zai yi muku amfani, musamman yanzu da iskar hunturu take busar da komai. In kun sayi masarar gugguru ta ƙi fashewa, yawanci ba mugun iri ba ne, bushewa ta yi a buɗaɗɗen buhu ko tire. Ku zuba ta a kwalba mai murfi, ku sa ruwa cokali guda a kan kamar kofi uku, ku girgiza, ku bar ta kwana biyu ko uku kuna girgizawa lokaci-lokaci. Za ta dawo. Kuma kada a shanya ta a rana kamar masarar niƙa.

Allah cikin ikonsa ya kawo ni jihar da ake girmama gugguru. Indiyana da Nebaraska su ne kan gaba wajen nomansa a Amurka, har a 2021 Indiyana ta ayyana shi a matsayin abin taɓawa na jiha a hukumance. Wani ɗan jihar mai suna Orville Redenbacher, wanda ya karanta noma a jami'ar Purdue, ya shafe shekaru yana auratayyar iri har ya samu mai kumbura sosai, kuma har yau sunansa ne a jikin kwalaye. Garin Valparaiso yana bikin gugguru duk shekara a watan Satumba. In na bi ta gonakinsu a watan Agusta, sai in ga kamar ina hanyar Giwa ko Saminaka ne da damina, kore iya ganinka. Sai zuciyata ta tafi Samaru, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta fitar wa manoma irin masara na SAMMAZ kala-kala, ga ƙasa, ga manoman da suka san masara tun kaka da kakanni. Amma a wurinmu gugguru abin yara ne, na ƙullin leda a bakin makaranta. Na ce wa Yaya ya ware ko da kadada kwata ce a gonar Baba bana ya gwada, nesa da sauran masarar don kada bununin ya gauraya. Yaya, da gaske nake yi.

Maganar biza tana da tsawo, sai wani jiƙon. A taƙaice dai kada ka biya kowa kuɗi kafin takardar makaranta ta shigo hannunka. Nama kuwa muna samu a shagon wasu Larabawa, tafiyar rabin awa a mota.

Abin da na rasa a nan gyaɗa ce. Akwai gyaɗa a kantuna, manya-manya, amma ba ta da ɗanɗanon wadda aka soya da yashi a kasko. Gugguru ba gyaɗa kamar shayi ne ba sukari. Nakan zauna da kwanona da daddare, dusar ƙanƙara tana sauka a taga ba ko motsi, in tuna yadda muke dawowa daga unguwar Kongo da yamma mu tsaya wajen mai injin gilashi, ƙamshin sukari ya cika titi, a sayi ƙulli biyu mutum biyar su sa hannu, a ƙarasa gida ana rigimar wanda ya cinye gyaɗar. Jiya ma da na gama yi sai na ga ya yi min yawa, na ɗiba na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyar nan, yaron yanzu har ya fara gudu, amma na ce mata nata ne ita da mijinta, ban da shi.

Inna, akwai wani ɗan uwa da zai taso nan bayan Sallah, zan turo wa Yaya lambarsa. In da hali a soya min gyaɗar nan a ɗura a kwalba, a haɗo da ƙuli-ƙuli da yaji, a gaya masa ya bayyana su a filin jirgi in an tambaye shi abincin da ke jakarsa. Kilishi kada a sa, ƙwacewa za su yi. Auta kuma ki gwada na kwanon gilas ɗin a gidan Yaya ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi, ki tsaya a kai, ki turo min in ji ƙarar.

Naku,
ɗanku da ke Indiyana.